Maɗacin Ƙofar Gida da Akwatin Mahaifinku

Ranar Sallar da ta wuce, da kuka zauna a tsakar gida kuna zana shaguna a bayan kwalin sukari, kun ɗauka barci nake yi. Idona biyu. Na ji lokacin da Ɗanjuma ya ce shago huɗu za su fita in an kawar da maɗacin ƙofar gida, na kuma ji Lami ta rage murya ta ce a bi a hankali, wai tsohuwa ta taɓa yin yaji saboda itacen nan. Kuka yi ta dariya ƙasa-ƙasa. To ku sha dariyarku, amma ni ban taɓa yin yaji ba tunda nake. Kora ta aka yi, kuma ni na jawo wa kaina. Duk manyan da suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai, shi ya sa na ce bari in rubuta muku da hannuna, kada in tafi in bar ku kuna yawo da rabin labari.

Kun san ni 'yar Salka ce, 'yar manoma. Da Kambarci na buɗe baki, Hausa a kasuwa na tsince ta, karatun boko kuwa ta tagar ajin yaƙi da jahilci na sato shi, ina leƙe kullum har malamin ya gaji ya ce in shigo in zauna. Aka kawo ni Kontagora gidan malamai da ma'aikata, inda kowa ke magana kamar yana karanta wasiƙa. Kakarku Inna, uwar mahaifinku, ta shekara guda tana gyara mini harshe kafin ta haƙura ta ce bakin Bakambara ba ya miƙewa. Ban ji haushi ba, don a gidan nan akwai abu ɗaya da ya karɓe ni tun ranar farko bai tambaye ni yarena ba, shi ne maɗacin. Kakanku ne ya dasa shi shekarar da ya gina gidan. Inuwarsa ta rufe zaure da rabin tsakar gida, a ƙarƙashinsa muke daka, a nan nake shimfiɗa ku in zafi ya hana ku barcin rana, ɓawonsa kuma babu wanda bai sha ba a cikinku, kuna tsala ihu ina ɗura muku. Rijiyar da ke gefensa ko a tsakiyar bazara ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda fari ya koro mutane daga can arewa, su da ragowar shanunsu. Ayari-ayari suke wucewa ta ƙofarmu, da yawa su yada zango a inuwar nan mu ba su ruwa. Wata mata a cikinsu ba zan manta da ita ba. Ta sha ruwa, ta aje ƙwarya, sai ta ɗora tafin hannunta a jikin maɗacin tana shafawa kamar ta ga ɗan'uwa. Ta ce mini a garinsu tun safe take fita neman itacen girki, sai rana ta take ta dawo da ɗan abin da bai cika hannu ba, alhali tana yarinya kurmi ne a bayan gidansu. Da gatarinsu suka cinye shi, in ji ta, ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa ai guda ɗaya ne. Maganar ta zauna mini a ciki.

A wannan shekarar ce mahaifinku ke shirin jarrabawar zama babban akawu. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma yana da son a gani. Abokan aikinsa duk wanda ya ɗan taka matsayi sai ya sa kabad mai gilashi a falo ya jera littattafan Turanci masu ruwan zinariya a baya, baƙo na shigowa su zai fara gani. Ana nan sai wani mutum ya zo daga Kaduna da jaka yana tallar irinsu. Mahaifinku ya sayar da bijimansa biyu da ke wurin wani Bafulatani, bayan 'yan makonni mota ta sauke mana akwatin katako, ƙarti biyu suka shigo da shi suna nishi. Ya buɗe sau ɗaya, ya kira mu muka gani, ya ɗauki guda ya shinshina, ya hana kowa taɓawa. Sannan ya mai da murfin ya buga ƙusa, ya tura akwatin lungun ɗakinsa a kan daɓe, jikin bango. Ya ce ba za a sake buɗewa ba sai ranar da za a jera su a kabad. Na tambaye shi ina kabad ɗin.

"Ga shi can a tsaye a ƙofar gida," in ji shi. "Ndagi kafinta ya ce duk garin nan babu katakon da ya kai maɗacin nan. Na samo takardar izini. Da kaka masu zarto za su zo."

Na ce, "Malam, wasa kake yi."

"Kin taɓa ganin na yi wasa da aikina?"

"To littafin ba a karanta shi sai an yi masa ɗaki? Ga ɗakin karatu can kusa da kasuwa, an ce kyauta ake ara."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni? In je in zauna benci ɗaya da 'yan makaranta, in riƙe littafin da kowane hannu ya dagwalgwala? Haba, ke ma dai. Irin waɗannan littattafan ma ina za su same su?"

"In na kawo maka irinsu fa?"

Ya yi dariya har da buga cinya, ya zaro takardar da mai tallar ya bar masa mai jerin sunayen littattafan, ya miƙo mini. Ya ce in je, ya ba ni izini, in na kawo ko guda uku ya sallama mini. Bai ce zai bar itacen ba, ni ce na ji abin da nake son ji. Na juya wurin Inna ina tsammanin za ta tsaya mini, tunda mijinta ya dasa. Sai ta ce ɗanta zai zama babban mutum, itace kuwa ana dasa wani. Amma ta ƙara da cewa matar gidan nan ba za ta ratsa kasuwa ita kaɗai ba, ƙafata ƙafarta.

Haka muka fara zuwa, ni da Inna, kowace Laraba da hantsi, don lokacin aka ware wa mata, ko da yake ban da mu sai wasu ma'aikatan jinya biyu. Ɗaki ne guda ɗaya dogo mai rufin kwano, da kantoci jikin bango da bencuna. Mai kula da shi Malam Yohanna, Kirista ne mutumin Tungan Magajiya, tsohon malamin makaranta mai ɗingishi. Hausarsa ta fi tawa karkacewa, har Inna ta ce yau ta shiga uku, ga Bakambara ga Badukke. Ranar farko ya hana ta cin goro a ciki, ta ce ko alƙali bai hana ta ba, suka yi ta yi, daga ƙarshe suka shirya a kan ta zauna bakin ƙofa ta riƙa tofarwa waje. Ya buɗe mini kati da sunana, karo na farko da na ga sunana a kan wata takarda ta hukuma. Na ba shi jerin mahaifinku. Ya sa tabarau ya bi da yatsa, ya ce biyu suna nan, sauran zai rubuta wa babban ɗakin karatu na Kaduna, don duk bayan 'yan watanni mota na kawo masa akwatin sababbi ta kwashe waɗanda aka gama da su ta kai wani gari.

Mutumin nan yana da wata irin hanyar aiki da na tsaya ina kallo. Ƙafafun kantocinsa duk a cikin gwangwanaye suke, ya zuba musu baƙin man mota. Kowane mako sai ya sauke littattafan da ba wanda ya ara, ya buɗe su ɗaya-ɗaya yana kaɗa shafukan, ya shanya su a inuwa su sha iska. Wanda ya yage kuwa ya dama sitaci ya liƙe shi da ƙyalle. Wata Laraba na same shi yana fama da wani tsoho da ya zama kamar tsumma, na ce don Allah ya jefar da wannan ya huta.

"In jefar?" in ji shi. "Kin san da me ake yin takarda?"

Na ce da auduga mana, ko ba ita ba?

"Da itace, 'yar'uwa."

Na ce ƙarya ne, sai na ji kunya na kama bakina. Bai yi fushi ba. Ya ɗingisa ya ɗauko wani littafi ya buɗe mini hoto, ga gungume-gungume sun cika kogi har ba a ganin ruwa, ana tura su wata masana'anta. Sannan ya juya tsohon littafin nan ya nuna mini takardar da ke liƙe a bayansa, cike da hatimi, layi bisa layi.

"Kowane hatimi gida ɗaya ne," ya ce. "Da kowannensu sayen nasa ya yi, ki duba itacen da za a kayar. Wannan guda ɗaya ya ishe su, kuma bai gama aiki ba."

Inna daga bakin ƙofa ta ce, "To kai da kake ta kaɗa su kamar mai sheƙar gero, na mene ne?"

"Gara, Inna. Wanda ake ara ba ya ba ni wahala, kullum yana hannu. Wanda aka rufe aka manta da shi take nema, balle da damina, balle a ƙasa. Wata biyu ya ishe ta."

Na dawo gida ranar kaina na juyawa. Ashe akwatin da ke ɗakin mahaifinku itatuwa ne da aka riga aka kayar a wata ƙasa, yanzu kuma za a kayar da namu a yi musu wurin kwana. Na gaya masa haka da bakina. Ya ce Yohanna ya cika mini kai da surutu. Littafin farko da na kawo masa da yatsa biyu ya ɗauka, ya ce warin daddawa yake, ga shatin man ja a shafi na goma. Na ce mako biyu aka ba ni, in ba ya so gobe in mayar. Ya ce in bar shi nan ya ga irin shirmen da ke ciki. Wallahi kafin mako biyun ya cinye shi tas. Na kawo na biyu, na kawo na uku, motar Kaduna ta zo na kawo na huɗu da na biyar. Duk la'asar in ya taso daga ofis sai ya sa a fitar masa da kujera, ya zauna yana karatu yana rubutu a ɗan littafinsa. A ina? A inuwar maɗacin da ya yanke wa hukunci. Nasa na cikin akwati kuwa ko harafi bai karanta ba, don ba mai cewa ya dawo da su ranar Laraba. Na tuna masa maganar guda uku. Ya ce ya sallama, na iya nema, amma ya riga ya gaya wa duk ofis zai yi kabad ɗin da ba a taɓa gani ba, ba zai zama abin dariya ba.

Yanzu ga wurin da ba wanda ya taɓa gaya muku. Ana tsakiyar marka, ruwa kwana da kwanaki, wata safiya ina share ɗakinsa na zura tsintsiya bayan akwatin. Sai na ga wani siririn layin jar ƙasa ya taso daga daɓe ya hau jikin katakon ya shige ta wata tsaga. Ni 'yar manoma ce, ba sai an gaya mini ba. Na durƙusa na kara kunne, na ji su, wani ɗan ƙas-ƙas kamar ana taunar gero a nesa. Mahaifinku na tsakar gida yana alwala, tsakanina da shi taku goma. Da na ɗaga murya a lokacin, da an fasa akwatin, a zuba kalanzir, a shanya, da mafi yawansu sun tsira. Na san haka sarai. Na tsaya da tsintsiya a hannu, ina jin iska na kaɗa ganyen maɗacin a waje. Sai na share gefe da gefe, na bar layin nan yadda yake, ko taɓa shi ban yi ba. Na fito na kawo masa kunu. Washegari ma haka, layin ya zama biyu. Haka na yi ta yi har damina ta ɗauke, kullum in share in kewaye, in fito in gaishe shi da fara'a. Ba mantuwa ba ce, ba rashin sani ba ne. Da gangan na yi, kuma kullum sai na ji kamar na saci wani abu.

Da aka gama girbi masu zarto suka zo, su biyu, da Ndagi kafinta. Da sassafe suka fara da babban reshen da ya rufe zaure, don kada ya rushe rufin in uwar ta faɗi. Ina cikin ɗaki ina jin zarton kamar a haƙarƙarina. Da reshen ya faɗo sai da ƙasa ta girgiza, rana ta faɗo tsakar gida a wurin da ban taɓa ganinta ba. Tabon da kuke gani a gefen gabas, wanda kuke hawa kuna zama kuna yara, nan ne. Na fito zan yi magana, ban ma san me zan ce ba, sai Inna ta riga ni. Ta tako har zaure da sandarta.

"Kai Ndagi, kai wane irin kafinta ne? Tela ma sai ya auna mutum kafin ya yanka yadi. Ka ga littattafan da za ka yi wa kabad?"

Ndagi ya ce bai gani ba, Inna.

"To a fito da su a auna, a san katako nawa ake nema."

Mahaifinku ya ji daɗin maganar, don maƙwabta sun taru kallo. Ya sa aka kinkimo akwatin aka dire a ƙofar gida. Tun a nan na ga gindin na zubar da ƙasa. Ya karɓi guduma ya zare ƙusoshin da kansa. Ga su nan a jere, bayansu na ƙyalli da ruwan zinariya kamar ranar da aka kawo su. Ya kama na farko ya ɗaga, sai bangon kaɗai ya biyo hannunsa, cikin ya zube jar ƙasa, gara fari fat na warwatsewa. Ya ɗaga na biyu, haka. Ya zura hannu har gwiwar hannu yana lalube, ko guda ɗaya bai fito da rai ba. Masu zarto suka sunkuyar da kai, wani maƙwabci ya yi salati. Na ga bijimai biyu a fuskar mahaifinku, na ga dariyar ofis, na ga wani abu kuma da ya fi su, kamar yaron da aka mara a gaban mutane. Har yau in na rufe ido ina ganin fuskar nan, kuma har yau tana yi mini ciwo.

Ya sallami mutane ya ce a dakata da aikin. Ya shiga ɗaki ya daɗe yana duban lungun da akwatin ya tashi, inda hanyoyin gara suka yi rassa a bango, ga shatin tsintsiya ya kewaye su tsaf. Sannan ya kira ni.

"Ke ke share ɗakin nan."

"Ni ce."

"Kin gani?"

Da na ce ban gani ba, da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda. Na ce, "Na gani."

"Tun yaushe?"

"Tun marka."

Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Je ki gida sai na neme ki."

Na goya Lami, lokacin tana nono, na hau motar Salka. Kai kuwa ɗan fari, da ban taɓa kiran sunanka ba, kana da shekara biyar, aka ce ka zauna wurin Inna. Babana da ya ji labari bai tausaya mini ko kaɗan ba. Ya ce shi manomi ne, ya san darajar itace, amma ya san darajar bijimi, kuma bai haifi 'yar da za ta ciyar da gara bijimai biyu tana murmushi ba. Wata uku na yi. Ina sussuka, ina ɗiban ruwa, mata na nuna ni da baki. Duk wanda ya zo daga Kontagora ranar kasuwa sai in ji kamar in tambaye shi ko maɗacin na tsaye, kunya ta hana ni. Na san mutumin da aka kunyata zai iya kayar da shi don haushi kawai, ko ba littafin da zai sa a ciki. In haka ta faru, na rasa aure, na rasa itace, na kuma ci amanar mutumin da bai taɓa cin tawa ba.

Wata ranar kasuwa da azahar ina tankaɗe aka ce ana sallama. Na leƙa, sai ga mahaifinku da farar riga ta yi ja da ƙurar mota, da wani abu a hammata a naɗe cikin hankici. Ya gaisa da babana suka daɗe a zaure, sannan aka kira ni. Bai dube ni ba. Ya warware hankicin, sai ga littafin ƙarshe da na aro masa.

"Wannan mutumin naki mai taurin kai," ya ce, "ya ce ba zai karɓa ba, ba zai ba da wani ba, sai mai kati ta zo da kanta. Jarrabawa kuma saura wata guda."

Na ce, "To."

"Sai ki shirya, motar ba ta jira."

Ban tambaye shi komai ba a hanya. Da muka sauka muka shawo kwanar unguwarmu, tun daga nesa na hango kansa kore shar sama da rufin gidaje, da gefe guda a gutsure. Na tsaya a tsakiyar hanya ina kuka da goyo a baya. Ya ce in wuce mana, mutane na kallo. Inna ta tare ni a tsakar gida tana cewa an dawo da Bakambarar gara. Da muka keɓe ta matso ta ce, "Ke kin ɗauka ke kaɗai ke da ido a gidan nan?" Amma kai ɗan fari da na miƙa maka hannu sai ka ɓuya a bayan zanenta. Tun daga ranar ba ka sake kwana a ɗakina ba, ita ka riƙa kira in ka yi mafarki, har ta rasu. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ban gama biya ba, don har yau in ka zo gaishe ni daga bakin ƙofa kake tsayawa.

Laraba na zagayowa na kai littafin. Na tarar da sababbin bencuna biyu na jan katako, Malam Yohanna ya ce daga reshen nan ne, maigidana ya sa Ndagi ya yi ya kawo. Na ce masa amma ya cika tsanani, da ya karɓi littafin ai da ba a wahalar da mutum har Salka ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Wane littafi na ƙi karɓa? Malam ya fi wata guda da buɗe katinsa. Kullum da la'asar yana nan a bencin can, tsakanin 'yan makaranta."

Ban taɓa gaya wa mahaifinku na sani ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba. Na dai roƙe shi gafara, ba sau ɗaya ba. Ya ce littattafan ya yafe tun a ranar, abin da ya daɗe bai wuce masa ba shi ne kunun da nake kawo masa da fara'a bayan na kewaye gara da tsintsiya. Ya yi gaskiya. Lami, kada ki yi wa mijinki irin wannan, in kina da magana ki faɗe ta a fuskarsa ko za a kwana ana yi. Amma kada wani ya zaci ina nadamar inuwar nan. Ban yi ba, ba kuma zan yi ba.

Ya ci jarrabawarsa da littattafan aro. Bai sake sayen littafi don ado ba, kabad kuma ba a taɓa yin sa ba, shi ya sa falonmu ya tashi fayau kuna jin kunyar kawo abokai. Kun sha cewa mu marowata ne, sauran yara da nasu sababbi ku kuwa kowace Laraba a tasa ku gaba zuwa ɗakin karatu ku dawo da masu warin daddawa. Ba rowa ba ce. Mun ga abin da littafin ajiya ya zama, mun ga wanda ke yawo gida-gida yana tsufa a hannun mutane, muka zaɓa. Da waɗannan masu warin daddawar kuka zama abin da kuka zama, har kuka iya zana shaguna.

Ranar da mahaifinku ya rasu, da na zo wanke rigarsa ta ƙarshe, a aljihun gaba na sami katin nan nasa na ɗakin karatu, ya yi laushi kamar ƙyalle. Yana cikin kwallata ta ƙasa tare da nawa, duk mai so ya zo ya gani. Shaguna kuwa ban hana ku ba, ku yi uku, ku bar na huɗun. In kuma lallai sai huɗu, to wanda zai kira mai zarto ya fara shigowa ɗakina ya dube ni ya ce je ki gida, yadda ubansa ya yi. Sai dai ku sani Salka ba ni da kowa yanzu. Tabarmata zan ɗauka in fita ƙofar gida, a gindinsa za ku same ni.